FASHIN BAƘI: Otal zai iya riƙe daji? Abin da tsibiran Tekun Indiya suka yi wanda Kano ba ta yi wa Falgore ba

Matashin da ya tashi a Kademi, ko a wani ƙauye na ƙasar Gaya da Ajingi, ya san kura da zaki ne a tatsuniya da karin magana. In ya taɓa ganin su ido da ido, to a bayan waya ne, a gidan namun daji na Audu Bako da ke birnin Kano. Dajin da kakanninsa suka yi farauta a ciki ya daɗe da komawa gonar gero da gyaɗa. Babban abin da ya rage wa jihar shi ne Falgore, can kudu, kimanin kilomita 150 daga birni, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila.

A ƙarshen shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma. Falgore na ciki, haka Baturiya a Jigawa da Kogo a Katsina. Duk lokacin da aka tayar da irin wannan magana, alƙawarin guda ne: za a gina masauki, baƙi za su zo yawon buɗe ido, kuɗinsu zai riƙe dajin. Alƙawarin ba ƙarya ba ne, domin akwai wuraren da ya tabbata. Sai dai ya tabbata ne bisa sharuɗɗan da ba a cika faɗar su a wurin taron ƙaddamarwa ba.

Misalin da ya fi fitowa fili wani ɗan tsibiri ne mai suna Chumbe, kusa da birnin Zanzibar a Tanzaniya, wanda tsawonsa bai wuce kilomita guda da 'yan kai ba. A farkon shekarun 1990 wata Bajamushiya, Sibylle Riedmiller, ta kafa kamfani ta nemi gwamnatin Zanzibar ta ba shi riƙon tsibirin da duwatsun murjanin da ke gefensa. A 1994 aka haramta kamun kifi a wannan yanki na teku, a 1998 kuma aka buɗe masaukin baƙi. Ɗakuna bakwai ne kacal. Ruwan sama suke tarawa, hasken rana ke ba su wuta. Abin da baƙo ya biya shi ne albashin masu gadin wurin, waɗanda na farkonsu tsofaffin masunta ne daga ƙauyukan da ke kusa, shi ne kuma kuɗin jirgin ruwan da ke kawo 'yan makaranta kyauta su ga abin da ke ƙarƙashin tekunsu.

Abin lura a nan shi ne jerin yadda aka yi aikin. An fara da doka da iyaka, aka ɗauki masu gadi daga cikin mutanen da haramcin ya shafa, sai daga baya aka gina ɗakunan kwana. Kuma an taƙaita yawan baƙi da gangan, saboda cunkoso yana lalata abin da aka zo kallo.

A Seychelles ma haka ne, ko da yake can babu otal a kan tsibirin. A 1968 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, wadda yanzu ake kira BirdLife, ta sayi tsibirin Cousin, wanda a lokacin gonar kwakwa ce, domin ceton wani ɗan tsuntsu da bai kai guda 30 ba a duniya baki ɗaya. Aka bar dajin asali ya dawo. Yau tsuntsun ya kai dubbai, har an kwashi wasu zuwa tsibiran maƙwabta. Baƙi na zuwa da rana su biya kuɗin shiga su koma, kuma kuɗin na tafiya ne kai tsaye ga ƙungiyar Nature Seychelles da ke kula da wurin.

To amma tsibiri tsibiri ne. Teku ce katangarsa, mutum goma za su iya zagaye shi kafin azahar, kuma duk wanda ya nufo shi da kwalekwale daga nesa ake hango shi. Falgore kuwa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, babbar hanyar Kano zuwa Jos ta tsaga shi, ƙauyuka da rugage sun kewaye shi. Wanda ya ce zai ɗauko tsarin Chumbe ya dasa a Doguwa yadda yake, bai san ɗayan wuraren biyu ba.

Kano ba baƙuwar gina masaukin baƙi ba ce. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka yi madatsar ruwa ta Tiga, aka gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon tafkin, aka yi na Bagauda. Shi kuwa Falgore ya girme su duka: tun shekarun 1940 Turawan mulkin mallaka suka keɓe shi da sunan gandun Kogin Kano, a shekarun 1960 aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji. Ke nan jihar ta taɓa haɗa daji da tafki da otal a kusurwa guda. Abin da ba ta haɗa ba shi ne igiyar da za ta ɗaure kuɗin otal da rayuwar dajin. Otal ya zama wurin taron manyan ma'aikata, malamin daji kuma ya ci gaba da jiran kasafin shekara. Da ɗaya ya durƙushe, ɗayan bai ma ji ba. Rock Castle ya yi shekaru a yashe, Bagauda kuwa ta zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya.

A tsakanin haka dajin ya sami wasu baƙin. Masu saran itace da masu ƙona gawayi suka shiga, ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da shi maɓoya, har ta kai a 2017 sojoji suka yi atisayen Harbin Kunama na biyu a yankin. Ba wanda zai biya kuɗin kwana a dajin da direbobin haya ke addu'a kafin su shige shi.

Darasi mafi kusa yana Bauchi. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Yana da duk abin da mai tallan yawon buɗe ido ke nema: ɗakunan kwana a sansanin Wikki, da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ba ya sauya zafi rani da damina, da ɗaya daga garkunan giwaye na ƙarshe a Najeriya. Duk da haka, a shekarun da ake kashe kuɗi wajen gyaran ɗakuna, masu neman haure suna ta kashe giwayen. Abin bai lafa ba sai bayan 2014, lokacin da jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka kan aikin sintiri: horo, da guzuri, da alawus a kan lokaci, da sanya wa giwaye na'urar bin sawu a wuya. Kuɗin wannan aiki galibi daga masu ba da tallafi ya fito, ba daga ƙofar Wikki ba. Har yau kuma manoman ƙauyukan Alƙaleri na kuka da giwayen da ke shiga gonakinsu, kuma manomin da giwa ta cinye wa masara dare ɗaya ba ya jin daɗin labarin baƙon da ya ɗauke ta hoto.

Ruwanda ta fuskanci wannan matsala ta hanyar ƙa'ida rubutacciya. Tun 2017 baƙo na biyan dala 1,500 domin ya ga goggon biri na awa guda, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayen ƙasar na komawa ga al'ummomin da ke kewaye da su, a gina aji ko asibiti ko tankin ruwa. Ana iya jayayya kan ko kason ya isa, amma aƙalla akwai adadin da talaka zai riƙe ya tambaya. Shi ma wannan tsari yana da rauninsa: da annobar korona ta rufe filayen jiragen sama a 2020, wuraren da suka dogara kacokan kan baƙin ƙetare, har da Chumbe da Cousin, sun wayi gari babu abin biyan masu gadi sai da suka nemi agaji.

Mai karatu a Kademi na iya cewa ina ruwansa da dajin da ke wancan ƙarshen jihar. Ruwansa kuwa a zahiri yake. Kogin Kano ta cikin Falgore yake bi kafin ya cika Tiga, daga nan ya haɗu da Chalawa, ya ratsa Wudil, ya gangara ta gefen ƙasar Ajingi zuwa Ringim da Haɗeja, har dausayin Baturiya inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. In an aske bishiyoyin sama, ƙasa ce ke zaizayowa ta cike madatsar ruwa, ruwan damina ya sauko da gaggawa, na rani ya ƙaranta. Mai noman rani da masunci a gabashin Kano suna cin moriyar Falgore ko da ba su taɓa taka shi ba, kuma babu wani otal da zai iya biyan wannan hidima shi kaɗai.

Saboda haka duk ranar da aka kawo takardar bai wa wani kamfani masauki a Falgore ko gaɓar Tiga, girman ginin ba shi ne abin dubawa ba. A duba ko an rubuta kason da zai tafi sintiri, da asusun da zai shiga, da wanda ke da ikon bincikarsa. A duba mutum nawa za a ɗauka aiki daga Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, mafarauta da makiyaya a cikinsu, da abin da aka tanadar wa wanda za a hana kiwo ko saran itace. Irin wannan yarjejeniya dukiyar jiha take taɓawa, kuma Gaya da Ajingi kowacce na da wakili a Majalisar Dokokin Kano da zai iya neman a karanta ta a zauren majalisa kafin a sa hannu.