Hular Kwanon Soja: A Duba Ƙarfe Kafin Fenti

Sojojin Turai sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 da hulunan yadi da na fata. Ɓaraguzan bama-bamai da ke fasa kawuna a ramukan yaƙi ne suka tilasta sauyi. Faransa ta fara da hular Adrian a 1915, Ingila ta biyo da Brodie mai kama da kifaffen faranti, Jamus kuma ta fito da Stahlhelm a 1916, wadda ke rufe kunnuwa da ƙeya. Yau masu tara kayan tarihi na sayensu da tsada, shi ya sa jabu ta cika kasuwar.

Sabon shiga tambari yake fara dubawa, alhali tambari ya fi komai sauƙin ƙirƙira. Gwani kuwa juya hular yake yi, ya shafa bakinta. A hulunan Jamus, samfurin 1935 bakinsa a naɗe yake zuwa ciki, kuma ƙofar iskarsa wani ɗan zobe ne da aka dasa daban. A na 1940 an huda ƙofar a jikin ƙarfen. Na 1942 ko naɗin bakin ba a yi ba, don Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta, sauri ake. A ciki akwai hatimi irin ET64: haruffan na masana'antar garin Thale ne, lambar kuma girman kwanon.

Nan ake kama ɗan damfara. Tun 1940 aka umarci sojan ƙasa na Jamus su cire wani tambari mai launin baƙi da fari da ja daga hulunansu. To idan aka gan shi sheƙe a kan samfurin 1942, da walakin.

Hular M1 ta Amurka, wadda ta fito a 1941, haɗin bakinta ake dubawa: a gaba yake a na farko, wajen ƙarshen 1944 ya koma baya. Adrian mai alamar angar jirgin ruwa a goshi kuwa ta rundunonin mulkin mallaka ce, cikinsu har da sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwasa.

Ɓarnar da ta fi ciwo, a ganina, ta mai kyakkyawar niyya ce. Zai gaji hula, ya kankare tsatsa, ya sake mata fenti, sai ya tafi da sunan sojan da aka rubuta a ciki da asalin launinta, farashinta kuma ya faɗi warwas.