Kalmomin Maye da Hanyar Neman Magani a Wurno da Raba da Gwaranyo

1. Ƙasar da abin da ya shigo mata

Wurno da Raba da Gwaranyo ƙasashen noma ne a gabashin Sakkwato. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan kuma aka binne shi cikin 1837. A Raba aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. A Gwaranyo kuwa aka tare Gulbin Rima da madatsar da aka gama ginawa a 1984, wadda ta ƙarfafa noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa. Giya ba ta da wurin zama a fili a ƙasar malamai irin wannan, balle bayan da jihar ta kafa shari'ar Musulunci a 2000. Amma abin da ya shigo daga baya ba ya wari, ba ya bukatar tulu. Ƙwaya ce, tana shiga aljihun ɗan ƙwadago ba wanda ya sani.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, cikin shekara guda. Miliyan 10.6 sun sha wiwi, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi irin su taramol, miliyan 2.4 sun sha maganin tari. Ɗaya cikin huɗu mace ce. A Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 12 cikin ɗari. Ɗaya cikin biyar na masu shan kuwa ya riga ya kai matsayin mai bukatar magani. To, sunan da iyalinsa suka ba halin da ya ke ciki, shi ya kan nuna musu ƙofar da za su nufa.

2. Abin da kalmomi su ke faɗi

Sunayen kayan maye hawa biyu ne. Akwai na da can, kamar giya da barasa da burkutu da bammi, da tsiron nan zaƙami, wanda a ke yi wa laƙabi da "haukata-yaro". Akwai kuma na aro, waɗanda suka zo tare da kayan kanti, kamar sholisho da kodin da taramol. Ita "ƙwaya" tsohuwar kalma ce, ta hatsi da ta ido, ta shiga asibiti ta zama ƙwayar magani, sa'an nan ta fito kasuwa da mummunar ma'ana. Wannan tafiya tata ita ce tarihin matsalar a taƙaice, gama da yawa daga cikin abin da a ke sha yau magani ne da ya bar hannun likita.

Sunayen mai shan sun fi wannan nauyi. "Mashayi" an gina shi da ɗafa-goshin "ma-" da ɗafa-ƙeyar "-i", kamar manomi da maɗinki, watau mai yin abu da niyya har ya zama sana'arsa. "Ɗan ƙwaya" da "ɗan wiwi" sun raba shi da gidansu sun jingina shi ga abin da ya ke sha. "Shaye-shaye" kuwa ninki ne, kamar tafiye-tafiye, mai nuna yawan yi da maimaitawa. Duk waɗannan suna ɗora aikin bisa kan mutumin.

Amma akwai wata hanya cikin aikatau. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aikatau na aji na 7 su ne masu ƙarewa da "-u", waɗanda su ke nuna abin ya auku ne a kan wanda a ke zance. Daga "buga" a ke samun "ya bugu", daga "kama" a ke samun "ya kamu". Bahaushe ya kan ce wane ya kamu da tarin fuka, da wannan aikatau ɗin kuma ya ke cewa wane ya kamu da shaye-shaye. Ashe harshen da kansa ya tanadi hanyar ambaton mashayi a matsayin majinyaci. Karin maganar nan, "sabo turken wawa", rabinta zagi ne, amma ɗaya rabin gaskiya ne, domin wanda ya ke a turke ba ya tafiya don an yi masa tsawa, sai an kwance shi.

3. Yadda kamuwa ta ke

Mai aikin fadama ya kan fara da ƙwaya guda don ya yini yana aiki bai ji gajiya ba. Wani kuma tsoro da rashin barci su ke kai shi, musamman inda 'yan bindiga suka tashi mutane, kamar yadda harin Tabanni na Yulin 2018 ya kora jama'a zuwa Gandi a ƙasar Raba. Sannu a hankali jiki ya kan saba, guda ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Taramol da hukuma ta yarda a sayar mai miligiram 50 ne da mai 100, amma wanda a ke fasa-ƙwaurinsa ya kan kai 200 ko 225. In ya yi yawa a jiki ya kan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, a nan ne iyali su kan ce iska ce ta taɓa yaro.

Alamun kamuwa sanannu ne: ƙarin adadi, da kasa bari ko da an yi niyya, da barin gona ko makaranta saboda abin, da ci gaba da sha alhali ana ganin ɓarnarsa. In mai shan taramol ko kodin ya rasa, sai ciwon gaɓoɓi da zufa da hamma da zawo da rashin barci su taso masa na 'yan kwanaki. Na giya da na ƙwayoyin sa barci ya fi haɗari, gama yankewa farat ɗaya tana iya kawo karkarwa da jijjiga da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. Saboda haka kulle irin wannan mutum a ɗaki don ya bari da ƙarfi ganganci ne.

4. Ƙofofin da a ke nufa

Wanda aka kira mai iska, wurin mai ruƙiyya ko boka a ke kai shi. Wanda aka kira kangararre, gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa, a watan da ya biyo kuma aka buɗe waɗansu a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara su ke nema, ƙofar ce ba ta dace ba. Addu'a da nasihar malami suna da babban amfani ga mai jinya, muddin an haɗa su da aikin likita.

Wanda aka ce ya kamu, asibiti ya kamace shi. Mataki na farko shi ne asibitin gwamnati mafi kusa, a faɗa wa ma'aikaci gaskiyar abin da a ke sha, da yawansa, da tsawon lokacin da aka yi ana sha, a nemi takardar turawa gaba. Gaba kuwa ba nisa, domin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana Kware, maƙwabciyar Wurno, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a birnin Sakkwato yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kamun dillalai tana da masu ba da shawara, a 2022 kuma ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman taimako. Jinyar hawa-hawa ce: a auna majinyaci, a raba jikinsa da abin mayen a gaban likita, a zauna da shi da iyalinsa ana ba su shawara, sa'an nan ya riƙa komawa ana duba shi. In ya koma sha bayan sallama, wannan halin ciwon ne, kamar yadda hawan jini ya kan tashi bayan ya sauka. Sai a sake kai shi.

Babban abin da ya ke tsare mutane ga wannan ƙofa, ban da kuɗin mota da na magani da tsoron hanya, suna ne. Muddin ana ce da wurin "asibitin mahaukata", uba zai ga kai ɗansa can tamkar yanke masa aure ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta sake abin da ya ke bakin mutane.

5. Rabon malamin makaranta

A nan malamin Hausa ya ke da aiki. Shi ne ya ke ganin yaron da ya fara gyangyaɗi a aji, shi ne kuma uba ya kan tambaya a asirce. In ya ce "ɗanka ɗan ƙwaya ne", ya rufe zancen. In ya ce "ɗanka ya kamu, akwai masu maganin wannan a Kware", ya ba uban abin da zai yi gobe da safe. Ya kamata kwalejojin horon malamai su sa wannan bambanci cikin darasin aikatau, su kuma tabbata kowane ɗalibi ya fita ya san sunan asibitin da za a tura mutum.