Halwar da Ba Ta da Ranar Fita

A shekarar 1984 wani Bajamushe mai shirya fim, Philip Gröning, ya nemi izinin ɗaukar rayuwar masu zuhudun gidan ibada na Grande Chartreuse, cikin tsaunukan da ke kusa da Grenoble a Faransa. Suka ce da saura tukuna. Sai bayan shekara 16 suka aika masa ya zo. Ba wulaƙanci ba ne. Mutanen ne ba su san gaggawa ba.

Wani malami, Bruno na Cologne, shi ya kafa wannan ƙungiya ta Katolika a 1084 tare da abokai shida. Mata suka shigo wajen 1145, da gidajensu daban. Bruno kansa bai samu yadda yake so ba, don tsohon ɗalibinsa, Fafaroma Urban na Biyu, ya kira shi Rum a 1090. Da ya samu sarari sai ya koma zaman kaɗaici a kudancin Italiya, can ya rasu a 1101.

Mu da muka san halwa, mun san ta da adadin kwanaki. Ta masu zuhudun nan kuwa sai mutuwa. Kowane yana da ɗan gidansa: ɗakin kwana da addu'a, wurin faskare da sassaƙa, da ɗan lambu mai katanga. Jikin ƙofar akwai 'yar taga, ta nan ake ajiye masa abinci ba tare da an ce uffan ba. Nama kuwa ba sa ci sam. Tsakar dare su tashi su haɗu a coci, su yi awa biyu zuwa uku suna rera zabura, sannan su koma barci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka auna kaɗaicin, don sun san shiru kan taɓa ƙwaƙwalwa. Ranar Lahadi tare ake cin abinci. Sau ɗaya a mako kuma su fita yawo cikin daji bibbiyu, a yi hira, ana sauya abokin tafiya. Dangi na da kwana biyu na ziyara a shekara. Ina ganin wannan awon ne ya raya su, har suka tsallake korar da gwamnatin Faransa ta yi musu a 1903, suka dawo a 1940.

To, da me suke ci? Da wata giya mai suna Chartreuse, wadda ake haɗawa da tsirrai 130, sirrinta kuma na hannun 'yan ƙalilan daga cikinsu. A 'yan shekarun nan da kasuwarta ta buɗe, musamman a Amurka, sai suka ƙi ƙara yawanta, suka ce aikin zai ci musu lokacin addu'a. 'Yan kasuwa suka yi ta ƙorafi, kwalaba ta yi tsada.