Wane Ne Ya Rubuta, Kuma a Wane Zamani? Darasi daga Littafin *Sarraounia*

Ɗalibin da ya ɗauki littafin *Sarraounia* na Abdoulaye Mamani, wanda aka buga da Faransanci a 1980, zai iya karanta shi a matsayin tarihin yaƙin Lugu kawai. Wannan karatu yana da rauni, domin zamani biyu ne suka haɗu a cikin littafin.

Na farko shi ne 1899, shekarar da ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. Bayan arangamar Lugu da kisan gillar Birnin Ƙonni, ayarin ya shigo yankin Maraɗi na yau. A Dankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a watan Yuli, kafin sojojinsu su kashe shi da Chanoine a wajejen Maijirgi. Ga mutanen Agye da Gazawa, wannan tarihin ƙofar gida ne.

Na biyu shi ne zamanin marubucin. An haifi Mamani a 1932, ya yi gwagwarmaya cikin jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958 kuma aka haramta ta a 1959. Ya sha gudun hijira, sannan aka ɗaure shi a mulkin Seyni Kountché. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin yadda ya ɗaukaka macen da ta ƙi miƙa wuya ba, da yadda ya zargi sarakunan da suka bi Nasara.

Ga mai nazarin harshe, abin lura yana cikin kalmomi. A Lugu, “sarauniya” muƙami ne da ake gada. Rubutun Faransanci ya mai da shi tamkar sunan mutum guda. Haka “azna”: a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, ana kiran masu addinin gargajiya “anna” ko “arna”, waɗanda ke da matsayi a al'adun noma da farauta, alhali a wasu wurare kalmar zagi ce.

Saboda haka, kafin a ɗauki jumlar littafi a matsayin shaida, wajibi ne a tantance ko muryar 1899 ce, ko ta ɗan Sawaba a 1980.