Hanyar Hawaye: Ina 'Ya'yan Mutanen Nan Suka Shiga?

A can arewacin jihar Biritish Kolombiya ta ƙasar Kanada akwai wata babbar hanyar mota mai lamba 16, wadda ta tashi daga garin Prince George ta nufi yamma har garin Prince Rupert a bakin teku. Tsawon wannan yanki nata ya kai kilomita 720, watau kimanin mil 450, kusan tafiyar Ikko zuwa Abuja ke nan. Hanya ce da ta ratsa duwatsu da dazuzzuka masu duhu, mutum ya yi tafiya mai nisa bai ga gida ko ɗaya ba. Mutanen wurin sun laƙaba mata suna Hanyar Hawaye tun a wani taron juyayi da aka yi a garin Terrace cikin 1998, saboda yawan mata da 'yan mata da suka ɓace ko aka tsinci gawarsu a gefenta, da yawansu kuwa 'yan asalin ƙasa ne.

In an ce 'yan asalin ƙasa, ana nufin mutanen da Turawa suka tarar a Kanada sa'ad da suka zo, waɗanda suka riƙa kira Indiyawa bisa kuskure. A bakin wannan hanya akwai ƙabilu irin su Wet'suwet'en da Gitxsan da Dakelh da Tsimshian, da yawansu suna zaune a ƙananan ƙauyukan da gwamnati ta keɓe musu, nesa da gari.

ABIN DA KE FID DA SU BAKIN HANYA

Mai karatu zai tambaya, me ke kai yarinya ita kaɗai kan irin wannan hanya? Amsar ita ce talauci da rashin abin hawa. Asibiti yana gari, kotu tana gari, babbar makaranta da kantuna duk suna gari, ga shi kuwa shekara da shekaru babu motar haya mai araha da ke shiga ƙauyukan. Wadda gidansu ba su da mota sai ta tsaya bakin titi tana ɗaga hannu, ko Allah zai kawo wanda zai rage mata hanya. Ba ta san wanda zai tsaya ba, shi kuwa mugu ya san babu mai ganinsa, kuma daji yana da faɗin da zai ɓoye abin da ya aikata.

Wannan talauci kuma yana da tushe. Tun 1876 aka kafa wata doka ta mulkin 'yan asalin ƙasa, wadda a ƙarƙashinta har zuwa 1985 duk macen da ta auri wanda ba ɗan asalin ƙasa ba sai ta rasa matsayinta da haƙƙin zama a ƙauyen iyayenta. Bugu da ƙari, an raba yara kimanin 150,000 da iyayensu aka kai su makarantun kwana na gwamnati da coci-coci, inda aka hana su harshensu, aka kuma wulaƙanta da yawa. Na ƙarshe cikin makarantun nan sai a shekarun 1990 aka rufe su. Gidajen da aka tarwatsa haka, su ne 'ya'yansu suka fi faɗawa hannun miyagu.

YADDA SAWU KE ƁACEWA

A aikin cigiyar mutum, kwanakin farko su ne komai. Lokacin ne shaidu ba su manta ba, sawun taya bai goge ba, ƙanƙara ba ta rufe daji ba. To, a nan ne iyalai da yawa suka ce an yi musu sakaci. Sukan je ofishin 'yan sanda su kai cigiya, sai a ce musu yarinyar guduwa ta yi ko yawo ta tafi, su koma gida su jira za ta dawo.

Cikin 1994 kaɗai an kashe 'yan mata uku a yankin, masu shekara 15 zuwa 16. Ɗaya daga cikinsu ta fita daga gidansu a garin Smithers cikin watan Yuni, ba a ga gawarta ba sai a watan Afrilu na 1995, a wani daji kusa da filin jirgin saman garin. Wata goma ke nan, ruwa da ƙanƙara sun wanke abin da za su wanke. Danginta sun mai da shi al'ada, kowace shekara a watan Yuni su yi tattaki a bakin hanyar don tunawa da ita.

Abin kuma bai tsaya kan mata kaɗai ba. A watan Agusta na 1989, wani magidanci ɗan asalin ƙasa da matarsa da 'ya'yansu maza biyu suka bar gidansu a Prince George, bayan wani baƙo ya yi musu alkawarin aiki a sansanin masu saran katako. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsu ba, su huɗu.

Abin da ya fi ci wa mutanen ƙauyukan rai shi ne abin da ya faru a 2002. A watan Yuni na shekarar wata budurwa farar fata mai shekara 25 ta ɓace a wajen Prince George tana neman a rage mata hanya. Nan da nan jaridun ƙasa duka suka ɗauki labarin, aka baza jama'a neman ta. Ita ma ba a gan ta ba, kuma kowa ya tausaya wa iyayenta, amma 'yan asalin ƙasa suka tambaya: ina wannan himma take sa'ad da namu 'ya'yan suka ɓace?

BINCIKEN 'YAN SANDA

Sai a 2005 'yan sandan tarayyar Kanada, waɗanda ake kira RCMP, suka kafa runduna ta musamman mai suna E-PANA. Zuwa 2007 ta tattara ƙararraki 18, na kisa 13, na ɓacewa 5, daga 1969 zuwa 2006, kuma 10 daga cikin matan 'yan asalin ƙasa ne. Amma fa an sa sharuɗɗa kafin a shigar da suna: sai mace ce, sai kuma an gan ta a ƙarshe ko an tsinci gawarta cikin mil ɗaya daga hanya mai lamba 16 ko 97 ko 5. Saboda haka iyalin nan na mutum huɗu ba su shiga lissafi ba. Ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa sun ce adadin gaskiya ya haura 40.

An samu ɗan abin nunawa. A 2012 gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi wa rigar wata yarinya 'yar shekara 16 da aka kashe a 1974 ya nuna wani Ba'amurke, Bobby Jack Fowler, wanda ya taɓa aikin ƙwadago a Prince George. Sai dai ya riga ya mutu a kurkukun jihar Oregon tun 2006. Haka kuma a 2019 kotu ta samu Garry Handlen da laifin kashe wata yarinya 'yar shekara 12 da ta ɓace tana kan kekenta kusa da garin Merritt a 1978. 'Yan sandan ciki ne suka yi shigar gungun masu aikata laifi suka jawo shi jiki har ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Kusan shekara 41 uwar yarinyar tana jiran wannan hukunci. Mafi yawan sauran ƙararrakin kuwa ba a hukunta kowa a kansu ba, kuma kuɗin da ake ba rundunar ya faɗo daga sama da dala miliyan 5 a shekara zuwa ƙasa da miliyan 1 a 2013.

MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA KE YOYO

A watan Maris na 2006 iyalai da shugabannin ƙabilu suka yi babban taro a Prince George, suka fito da shawarwari 33. Ta farko a cikinsu ita ce a samar da motocin safa masu zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da garuruwa. Wannan abu mai sauƙi sai da ya ɗauki shekara 11, domin sai a 2017 motocin suka fara aiki. A tsakani, cikin 2015, wani bincike ya gano cewa an goge wasiƙun imel da suka shafi hanyar a ma'aikatar sufuri ta jihar bayan an nemi a gan su. A 2018 kuma kamfanin Greyhound ya janye motocinsa na dogon zango daga yankin, sai da gwamnatin jiha ta kawo nata. Batun waya ma haka ne: sai a 2021 aka ba da sanarwar kafa turakun waya 12 don rufe kilomita 252 na hanyar da a lokacin babu yadda wanda ya shiga haɗari zai kira taimako.

Matsalar ba ta wannan hanya ce kaɗai ba. A 2014 su kansu 'yan sandan RCMP sun ba da rahoto cewa daga 1980 zuwa 2012 mata 'yan asalin ƙasa 1,017 aka kashe, 164 kuma suka ɓace, jimla 1,181. A lokacin su ne kashi 4 cikin 100 na matan Kanada, amma su ne kashi 16 cikin 100 na matan da aka kashe. Wannan da matsin lambar iyalai ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar bincike a 2016 ƙarƙashin mai shari'a Marion Buller, ita ma 'yar asalin ƙasa. Hukumar ta saurari mutane sama da 2,300, ta miƙa rahotonta ran 3 ga watan Yuni 2019 da buƙatu 231, ta kuma kira abin da sunan kisan ƙare dangi. Cikin buƙatun akwai cewa a daidaita yadda 'yan sanda ke karɓar cigiya a ko'ina, a riƙa sanar da iyalai halin da bincike ke ciki, a kuma sake duba tsofaffin ƙararraki.

Yanzu kowace ranar 5 ga watan Mayu akan rataye jajayen riguna na mata a bishiyoyi da ƙofofin gidaje a duk faɗin Kanada, al'adar da ta samo asali daga aikin wata mai fasaha, Jaime Black, cikin 2010. Kowace riga tana tsaye ne a madadin wata da ta fita ba ta dawo ba. A bakin Hanyar Hawaye kuma akwai manyan alluna masu gargaɗin 'yan mata kada su tare motar wanda ba su sani ba. Gargaɗi yana da kyau, amma iyayen da suka yi shekara talatin suna jira ba shi suke nema ba. Abin da suke nema shi ne a gano inda 'ya'yansu suke da wanda ya yi musu wannan aiki, kuma duk uwar da ta kai cigiya a tashi nema tun ranar, ba tare da an duba launin fatarta ko ƙauyen da ta fito ba.