Kuɗin Tagulla na Daular Roma da Hotunan da ke Jikinsu

A zamanin daular Roma babu rediyo, babu jarida. To, ta yaya talakan da ke can ƙarshen ƙasa zai san fuskar sarkinsa? Amsar tana cikin kuɗin cefanensa.

Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Almasihu, Kaisar Augustus ya gyara tsarin ƙananan kuɗi. Babba cikinsu shi ne sestatiyus, na tagulla mai hasken zinariya. Rabinsa shi ne dufondiyus, rubu'insa kuwa as, wanda ake yi da jan ƙarfe. As goma sha shida ke yin dinari ɗaya na azurfa. Ƙaramin cikinsu, kwadiran, rubu'in as ne, kuma shi ne kuɗin da Markus 12:42 ya auna baikon gwauruwar nan da shi.

A gaban kuɗin akwai kan sarki da sunansa da muƙamansa. Yawancinsu suna da haruffa biyu a baya, S da C, ma'ana da yardar majalisar dattawa. Tun daga zamanin Niro aka riƙa sa wa sarki kambi mai tsirkiyar rana a kan dufondiyus, domin a bambanta shi da as.

Bayan kuɗin ne ke ɗauke da labari. Niro ya zana tashar jiragen ruwa ta Ostiya, inda hatsin Roma ke sauka. Titus ya zana babban ɗakin wasa na Kolosiyum. Amma wanda ya fi taɓa mu shi ne na Basbasiyan. Bayan an rushe Urushalima a shekara ta 70, ya buga kuɗi mai hoton wata mace zaune ƙarƙashin itacen dabino tana makoki, da rubutun da ke cewa an ci Yahudiya. Mu duba irin zafin da Bayahuden da aka kai Roma bauta zai ji in an ba shi wannan kuɗi canji a kasuwa.

Da tafiya ta yi tafiya, hoton ya sake. Magnentiyus, wanda ya yi mulki daga 350 zuwa 353, ya cika bayan kuɗinsa da haruffan farko biyu na sunan Almasihu da Helenanci.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in mun ga irin waɗannan kuɗi a littafin tarihi, mu tuna cewa mai mulki ne ya zaɓi abin da za a zana. Suna gaya mana abin da sarki ke so a gani, sauran labarin kuwa sai mun nemo shi da kanmu.