Jadawalin Karatun 'Yar Gida Mai Shirin Zama Lauya

 Yau maganarmu a kan yarinyar nan ce da ta gama karatun shari'a a Kongo, wato sashen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko 'yarki ce, ko ƙanwarki, ko matar ɗanki.

Uwargida, ki sani digirin nan na shekara 5 bai mai da ita lauya ba. Sai ta shiga Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1962, mai hedikwata a Bwari ta Abuja, da reshe a Bagauda ta jihar Kano. A ƙarshen zangon akwai babbar jarrabawa kan darussa 5: ƙarar da ta shafi haƙƙi tsakanin mutane, ƙarar laifi, dokar kamfanoni, dokar filaye da gidaje, sai ladubban aikin lauya. In ta faɗi ko da guda ɗaya, ba za a rantsar da ita ba sai ta sake zama. Kuma a da makarantar ta yi suna wajen auna ɗalibi da darasin da ya fi rauni a ciki.

To ina ruwanki da wannan, ke da kike cikin gida? Da ruwanki ƙwarai. Kafin jarrabawa ana tura ɗalibai su yi 'yan makonni a kotu, su yi wasu a ofishin lauyoyi, kuma da yawa gida suke dawowa a lokacin. Wadda za ta sake zama ma a gida take karatu. Nan ne fa ake ci ko a faɗi, don aikin gida ba ya ƙarewa.

Yanzu ke ɗaliba, matso kusa. Ɗauki takarda ki ƙirga makonnin da suka rage. Cire biyun ƙarshe ki ajiye don bita kawai. Sannan ki jera darussan nan biyar, wanda ya fi ba ki wuya a sama. Kada ki yaudari kanki da wanda kike jin daɗinsa.

Ki ɗaure jadawalinki da salloli, don agogo yana tsayawa amma kiran salla ba ya fashi. Bayan asuba, kafin yara su tashi, kai na wasai: wannan lokacin na darasin da ya fi wuya ne, awa ɗaya da rabi. Da rana kina kotu ko ofis, ki buɗe ido ki rubuta abin da kika gani, shi ma karatu ne. Bayan la'asar ki gwada rubuta takardun aiki da hannunki, kamar takardar shigar da ƙara ko yarjejeniyar haya, ba tare da leƙa littafi ba. Bayan isha'i, awa ɗaya ta amsa tsofaffin tambayoyi, ki sa wa kanki lokaci kamar a ɗakin jarrabawa. Daga nan ki kwanta. Raba dare ana gyangyaɗi a kan littafi asarar fitila ce.

Kowane mako ki tabbata kin taɓa darussan biyar duka. Ranar Asabar ki yi bitar abin da kika karanta. Yammacin Juma'a ki bar shi fili, don biki, suna da gaisuwa ba sa neman izini. Idan rana ɗaya ta kuɓuce miki, ki cike ta a nan, kada ki yaga jadawalin.

Mu koma gare ki uwargida. Takardar nan ba za ta yi aiki ba sai gida ya yarda da ita. A zauna da maigida a nuna masa. A ɗauke mata sharar safe da dama koko, a riƙe mata goyo bayan la'asar. In ranar girkinta ce, abokiyar zama ta taimaka, ita ma ta rama bayan jarrabawa. Baƙuwa ta zo, ki ce tana karatu, ba girman kai ba ne.

Masu fargabar sutura kuma, ku tuna Firdaus Amasa, wadda aka hana rantsarwa a 2017 saboda hijabi, aka rantsar da ita da hijabinta a 2018. Mai shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko lauya daga Arewa, ta zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012. Gobe idan rigimar gado ko ta gona ta taso, akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba, sai 'yar'uwarta.

Allah Ya ba yaranmu sa'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.